In Maigida Ya Karye, Kayan Wa Ake Ɗauka?

 Akwai wata magana da ba a ɗaga murya in za a faɗe ta a ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan, sai dai ki ji an yi ƙasa da murya an ce, "Ai wane ya karye." Wato jarinsa ya tafi, bashin da ake bin sa ya fi ƙarfin abin da ya mallaka. To maza su ne suke cin bashin a kasuwa, amma ranar da masu bin bashi suka yi sallama a ƙofar gida, ɗakin mace ido yake fara sauka, domin a nan ne ake ganin abin da zai yi kuɗi: gado, kujeru, kwanuka, keken ɗinki, 'yar sarƙar gwal, har tumakin da suke ɗaure a turke. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu duba yadda ake warware wannan magana tun zamanin kakanni, don wallahi mata da yawa sun rabu da kayansu a kan bashin da shari'a ba ta taɓa ɗora musu ba.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku a da ƙaramar hukuma ɗaya ce, wato Ikara, kuma duk ƙasar Zazzau ce, tsakanin Zariya da Kano. Arzikinmu a gona yake: rake a fadama, tumatir da barkono da albasa da rani, masara da dawa da damina. Shi rake kuwa sai ya kusa cinye shekara a gona kafin a sare shi, kuɗinsa sau ɗaya yake shigowa, alhali kullum sai an ɗora tukunya. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Makarfi ranar Laraba ya san cewa ciniki da yawa a kan baki ake yin sa, a ɗauki kaya yau a ce sai an dawo daga kudu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin tambaya shi ne, in hanjin ya murɗe, ina ake nufa?

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki, kuma manyan masu karyewa su ne fatake. Mutum zai karɓi kayan jama'a, tufafi da kanwa da fatu, ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. In 'yan fashi suka tare ayarin, ko jakuna suka mutu, ko goron ya lalace a hanya, sai ya dawo gida da sanda kawai da bashin mutane a wuya. Shi kuma manomi hanyarsa biyu ce. Ko ya ba da gonarsa jingina, mai kuɗin ya yi ta noma ta yana cin amfanin har ranar da aka maido masa da kuɗinsa, ko da shekara nawa za a yi, kuma abin da ya ci ba ya rage ko wuri ɗaya daga bashin. Ko kuwa ya karɓi kuɗi ko dami a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da hatsi da kaka, sau da yawa ninki biyu, abin da ake kira falle a wasu wurare. Malamai sun daɗe suna ƙyamar duka biyun, amma yunwa ba ta jiran fatawa. A wancan zamani kuma bayi suna cikin lissafin dukiya, saboda haka in attajiri ya karye, har da mutane ake sayarwa a biya bashinsa, a raba uwa da ɗanta a kan cinikin da ba su san lokacin da aka ƙulla shi ba. Wannan kam Allah Ya raba mu da shi.

Yawancin rigimar bashi a zaure take ƙarewa, gaban mai unguwa ko dagaci, dangi su haɗa abin da ya samu, a roƙi mai kuɗi ya yafe saura. In abin ya gagara ne ake zuwa gaban alƙali. Su kuwa alƙalan ƙasar Zazzau, kamar sauran na daular Usmaniyya, da littattafan mazhabar Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, kuma a cikinsu akwai bayani a kan wanda ya karye, malamai suna kiransa muflisi. A nan zan ɗan zauna, domin wannan hukunci shi ne har gobe ya fi kusa da mu.

Da farko dai mutum ba ya zama muflisi don kawai an gan shi ya rame ko ya daina zuwa kasuwa. Sai masu bin sa sun kai ƙara, an tabbatar cewa bashin da lokacinsa ya yi ya fi abin da ke hannunsa, sannan alƙali ya ɗaure masa hannu daga dukiyarsa. Daga ranar ba shi da ikon ya sayar, ko ya yi kyauta, ko ya zaɓi wani daga cikin masu bin sa ya biya shi a ɓoye ya bar saura. Har bashin da aka yi alkawarin sai kaka, a ranar ya zama na yanzu. Sai a tattara abin da ya mallaka a sayar a gabansa. Dabbobi ake fara sayarwa da sauri, don suna ci kuma suna iya mutuwa, amma gida da gona ana jinkirta musu kamar wata biyu a nemi mai saye da daraja, kada a yi masa cinikin wulaƙanci. Abin da aka samu sai a raba wa masu bin bashi, kowa gwargwadon abin da yake bi. Wanda ya fi baki ko ya riga zuwa ba ya fin kowa.

Bari in ba ki misali don abin ya zauna. A ce wani dillalin rake ya karye. Mai taki yana bin sa naira 500,000, mai motar da ke kai masa kaya yana bin sa 300,000, matarsa kuma ta taɓa ranta masa kuɗin adashinta, 200,000. Jimla miliyan 1 ke nan. Aka sayar da abin da yake da shi aka samu 400,000. To kowace naira ɗaya ta bashi za ta samu kwabo 40: mai taki ya tashi da 200,000, mai mota 120,000, matar gida 80,000. Kin lura da inda aka ajiye matar? A layin masu karɓa take. Haka nan in akwai ragowar sadakinta da bai biya ba, shi ma bashi ne, tana shiga rabo da shi kafaɗa da kafaɗa da manyan 'yan kasuwa. Amma fa sai in tana da shaida cewa rance ta ba shi. Mu kuwa mata a tsakar dare muke miƙa kuɗi, daga mu sai shi sai fitila.

Akwai wani hukuncin mai daɗin ji. In mai taki ya zo ya tarar da buhunansa goma suna nan a ɗaki ba a ko kwance bakinsu ba, kuma ba a biya shi kuɗinsu ba, yana da ikon ya ɗauki abinsa, ba sai ya shiga rabo da su ba. Amma a wajen Malikiyya wannan sai in wanda ake bi yana raye. In mutuwa ya yi, buhunan sun shiga cikin abin da ya bari, mai taki ya bi layi kamar kowa.

Shi kuma wanda ya karye ba a barin sa tsirara. Ana bar masa abincin da zai ci shi da iyalinsa na ɗan lokaci har ya samu abin yi, da suturar da za su sa. Gidan zama kam a Malikiyya ana sayar da shi, ko da yake wasu mazhabobin sun ce a bar masa. Kayan sana'a kuma, kamar uwar maƙerar maƙeri ko masaƙar masaƙi, malamai sun yi ta kai da kawowa a kansu. Ba a tilasta masa ya je ya ciwo wani bashin ya biya wannan, ko ya bi dangi yana roƙo. Kurkuku kuwa an tanade shi ne don wanda ake zaton ya ɓoye dukiya, ko wanda ba a san halinsa ba har a bincika. Da zarar shaidu sun tabbatar ba shi da komai, sai a sake shi, domin aya ta 280 a cikin Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sai dai sauran bashin bai mutu ba. Yana nan a wuyansa, ranar da Allah Ya buɗa masa sai ya biya, in ba masu shi ne suka yafe ba.

Wannan hukunci ya girmi Zazzau kanta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da ake kira Usaifi'u, a zamanin Sayyidina Umar. Shi burinsa a ce ya riga alhazai isowa, sai ya riƙa sayen raƙuma masu tsada da bashi yana tsere da su, har ya karye. Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo da safe za a raba abin da ya rage a tsakaninsu. In kin cire raƙumi kin sa mota, ai kin san irinsa a unguwarku.

To yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. A duk cikin wannan hukunci babu inda aka ce a taɓa kayan matar muflisi. Aure ba ya haɗa aljihu a shari'ar Musulunci. Sadakinki naki ne, kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki naki ne, gadon da kika ci na mahaifinki naki ne, akuyar da kika saya da kuɗin ƙuli-ƙuli taki ce ita da 'ya'yanta. Ci da sha da sutura a kansa suke ko da kin fi shi kuɗi. In ma aka yi gardama a kan kayan cikin gida babu shaida, alƙali yana duba al'ada: abin da aka san na mata ne a ba mace bayan ta yi rantsuwa, abin da aka san na maza ne a ba namiji. Sai dai ki kula, abin da maza da mata duk suke mallaka, in babu shaida, ɓangaren miji ake jingina shi, tun da gidan nasa ne. A zamaninmu nan ne rigimar firiji da talabijin da injin markaɗe take. Har ila yau Malikiyya ta ba mace dama, in miji ya kasa ciyar da ita sam, ta kai kuka gaban alƙali, a ba shi lokaci, in ya gagara a raba auren, in ya samu hali kafin ta gama idda ya mai da ita. Na faɗa ne don a san akwai shi. Yawancin matanmu ba sa bin wannan hanya, zama suke yi a sha wuyar tare, kuma Allah Ya saka musu.

Ƙofa ɗaya ce bashin miji yake bi ya shigo ɗakinki, ita ce lamuni. Ranar da kika ce, "Na tsaya masa, in bai biya ba a zo wurina," ko kika cire sarƙarki da hannunki kika bayar a ajiye jingina, to kin shiga. Ƙa'ida ita ce a fara bin wanda ya ci bashin in yana nan kuma yana da hali, amma tun da ya karye, kan mai lamuni abin zai faɗo. Kuma sarƙar da aka ba da jingina, mai riƙe da ita ya fi kowa haƙƙi a kan kuɗinta.

Da Turawa suka ci ƙasar Zazzau a 1902, ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun bar musu shari'ar bashi da aure da gado. Abin da suka canza shi ne kuɗi. Haraji ya koma sai da sulalla, jirgin ƙasa ya ratsa ta Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911, auduga da gyaɗa suka zama abin nema. Kamfanonin Turawa su ba manyan dillalai kuɗi tun kafin kaka, dillalai su ba yaransu, yaran su ba manoma, kowa yana bin na ƙasa da shi. Da kasuwar duniya ta rushe a 1929, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, ga fara ta sauka a gonaki, haraji kuwa yana nan yana jira. Namiji in abin ya ishe shi yana iya saɓa gatari ya tafi cin rani, wani ma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mace tana gida da yara, ita ake gani. A irin wannan lokaci ne tasoshi da awaki suke fita ta hannun dillaliya, ba don alƙali ya ce ba, sai don kada a ɗaure maigida a rana a ƙofar dagaci.

Kada ki ɗauka kakanninmu mata ba su san abin da suke yi ba da suke jera kwanuka har rufin ɗaki. Daga ƙore aka koma tasa, daga tasa aka koma kwanon langa da samira, daga baya tangaran da gwal. Wannan jere shi ne bankinsu, abu ne da ba ya ruɓewa, ana iya sayar da shi ranar tsanani, kuma kowa a gari ya san na wace ce. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa cikin 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Mai karanta shi zai ga matan wancan zamani da sana'arsu ta kaɗi da sayar da abinci, da bikinsu da ƙawayensu, kuɗinsu daban na maza daban. Wato raba aljihu tsohuwar al'adarmu ce, ba 'yan boko suka kawo ta ba.

Bayan mulkin kai sai bashi ya samu sabon uba, wato banki. An kafa bankin manoma na tarayya a 1973, hedkwatarsa a Kaduna, a daidai lokacin da fari ya addabi Arewa, sannan a 1975 cuta ta kashe gyaɗa. Shi banki bai san zaure ba, takarda ya sani da sa hannu. A 1979 kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar karayar arziki, wadda aka gina a kan ta Ingila. A ƙarƙashinta Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron ƙarar, kuma sai bashin ya kai naira 2,000, waɗanda a lokacin kuɗi ne masu kauri, yau kuwa ko cefanen yini ba su isa ba. Kotu takan naɗa wanda zai karɓi dukiyar mutum ya sayar ya raba. Ana bar masa kayan sana'a da sutura da shimfiɗa daidai wani ƙima, kuma abin da yake riƙe da shi amana ba ya shiga rabo. In ya yi dabara ya juya gida ko mota da sunan matarsa dab da karyewa, kotu tana iya warware kyautar, kamar yadda alƙali ma yake hana wanda bashi ya dabaibaye yin kyauta. Saboda haka in maigida ya zo miki da takardar fili da rana tsaka yana cewa sa hannu na ba ki, alhali kin san ana bin sa, kada ki yi saurin guɗa.

Babban bambancin wannan doka da hukuncin alƙali shi ne sallama. Bayan wani lokaci kotu tana sallamar wanda ya karye, yawancin sauran bashin ya faɗi, ya fara sabuwar rayuwa ba mai bin sa. Kafin a sallame shi kuwa, tsarin mulkin 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Amma gaskiya dokar nan a takarda ta fi zama. Ko a Legas ba kasafai ake bin ta ba, balle a Hunƙuyi. Wane Bahaushe ne zai yi mota zuwa Kaduna ya tsaya gaban kotu a rubuta shi a matsayin matsiyaci? Abin da aka fi gani shi ne mai bin bashi ya yi ƙara a kotun kusa, ya ci shari'a, a turo ma'aikatan kotu su kwashi kaya a yi gwanjo. Tsohuwar dokar da ta tsara wannan kwasar kaya a kotunan majistare da babbar kotu ta keɓe sutura da shimfiɗa da kayan sana'a na naira 10 kacal, don tun zamanin fam da sule aka rubuta ta. Ita ce kuma ta ce ba a taɓa gida ko fili sai kayan ɗauka sun kasa biya, kuma sai da izinin kotu.

Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye, 'yan kasuwa da yawa suka bi ta. Gwamnatin Babangida ta buɗe Bankin Al'umma na talakawa a 1989, da ƙananan bankunan gari daga 1990, aka fara kiran mata su ma su zo su karɓi rance. Ba a jima ba bankunan kansu suka fara faɗuwa. A watan Janairu na 1998 an rufe bankuna 26 a rana ɗaya, kuma inshorar ajiya a lokacin ba ta wuce naira 50,000 ga kowane mai ajiya ba, sauran sai abin da aka samu bayan an sayar da kadarorin bankin. A nan gida ma mun ga yadda kamfani yake kwanciya. Masana'antar tumatir ta Ikara, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 1981, ta yi fiye da shekara 20 a rufe kafin a sake tayar da ita a 2014 da hannun 'yan kasuwa. Kamfani yana iya yin wannan dogon barci, don a doka bashinsa nasa ne, ba a bin masu hannun jari gida a ɗauki gadon matansu. Manomin da ya shuka tumatir da bashi ba shi da wannan rigar.

An ga haka a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu, ta ce manoma sama da 200 sun yi asarar fiye da naira biliyan 1. Kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa duk an riga an zuba, wani na dillali ne, wani na banki, wani na adashin uwargida. Gona ta ƙone cikin 'yan kwanaki, bashi kuwa ko gezau.

Yau rigimar bashi tsakanin Musulmi a yankinmu takan je kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi a madadin kotunan yanki, wato dai an koma ga littattafan da na ambata. Abin da ya canza shi ne yanzu mu ma muna cin bashin da sunanmu. Ƙananan bankuna sun fi son ba mata rance, a haɗa ku ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar uwarta, biya mako-mako. Sau nawa mace take karɓo irin wannan kuɗi ta miƙa wa maigida ya ƙara jari ko ya sayi taki? To sunan wa ke takarda? Hoton wa aka manna? In ya karye, a idon doka ke ce kika ci bashin, shi baƙo ne a maganar, kuma a wannan karon kayan ɗakinki halal ne a yi gwanjonsu in kotu ta yi hukunci. In kika gudu kuma, matan ƙungiyarku za a bi, maƙwabtanki da kuke biki tare. Daɗin daɗawa, tun daga watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna dama, in wanda ya ci bashi ya sa hannu a kan yarjejeniyar kuma ya kasa biya, su ciri kuɗin daga duk wani asusunsa da ke wani banki ta hanyar lambar BVN, har da asusun haɗin gwiwa. Mai shirin buɗe asusu ɗaya da maigida don soyayya, ta san da wannan.

Wani abin da yake tsorata mata shi ne ɗan sanda. Mai bin bashi ya zo da mai kaki, a ce in ba a ga maigida ba za a tafi da matarsa ko ɗansa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi zalla wanda babu zamba a cikinsa. Shi ma mai bin bashi ba shi da ikon ya shigo gida ya ɗauki kaya da hannunsa, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana, sai da hukuncin kotu.

In kuma mutuwa ce ta zo ta tarar da bashi, tsarin a bayyane yake. Daga abin da mamaci ya bari ake yi masa sutura, sannan a biya bashi, sannan wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, abin da ya saura shi ne gado, a ciki ne matar take da tumuni in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. In bashin ya cinye dukiyar duka, magada sun tashi a tutar babu, amma ba a tilasta wa matar ko 'ya'yan su biya saura daga aljihunsu. In sun biya don su sauke masa nauyi, alheri suka yi, kuma babban alheri ne. Kafin a fara lissafin ma sai an ware kayan matar gefe, domin ba sa cikin abin da ya bari.

Idan har ta kai ma'aikatan kotu sun haɗa da kayanki a kan bashin da ba naki ba, hanya ita ce ki je kotun da ta turo su tun kafin ranar gwanjo, ke ko wakilinki, ki ce kayan nan nawa ne. Za a dakata a saurare ki, kuma abin da za a tambaye ki shi ne shaida. Rasiɗin da aka rubuta da sunanki ko sunan mahaifinki yana aiki. Takardar da aka lissafa kayan ɗaki ranar da za a kai ki, in an yi ta an sa hannu, tana aiki. In duk babu, akwai kafintan da ya yi gadon da wanda ya biya shi, akwai direban da ya ɗauko kayan daga gidanku, akwai maza daga danginki da suka sauke su, sannan ga gwaggonni da innonin da suka yi miki jere, waɗanda har yau in kin tambaye su za su gaya miki kwano nawa suka jera a saman kabad da wanda ya sayi kowanne.